Rumbun da Ba a Leƙawa

A wani ƙauye akwai wani mutum, manomi ne, yana zaune da matarsa da 'ya'yansu biyar. Ba zan faɗi sunansa ba, don kada wani ya waiwaya ya dubi na kusa da shi a benci. Sunan matar dai Afiniki. Mutumin nan yana da gona guda wadda ya gada daga mahaifinsa, ƙasa mai kyau a bakin rafi, da tsamiya ɗaya a tsakiyarta. Ba rago ba ne ko kaɗan. In ya sunkuya da fartanya, samari biyu ba sa kamo shi. Amma ga abin tausayi, shekara goma sha ɗaya ke nan rabonsa da ya yi wa gonarsa noman fari a kan lokaci.

Ga yadda abin yake faruwa. Ruwan farko ya sauka, ya shuka gero da dawa tare da kowa. Hatsi ya tsiro, ciyawa ma ta tsiro. To, daidai kwanakin da gona take neman mai ita, sai ya hau tsani ya zura hannu cikin rumbu ya ji wayam. Ya dira ciki ya lalube ko'ina, ba komai sai ƙaiƙayi da kashin ɓera. Yara kuwa ba ruwansu da bayani, tuwo suke jira. Dole ya saɓa fartanya ya haye rafi zuwa gandun wani mai arziki, ya wuni yana yi masa ƙodago, da yamma a auna masa dawa a mudu ya kai gida. Gobe ma haka, jibi ma haka. Kafin ya tara abin da zai riƙe gidan ko na mako guda ya juyo kan tasa gonar, ciyawa ta riga ta shaƙe shukar, ganyenta ya yi ja, ta tsumbure.

Hanyar gandun nan kuwa ta gefen gonarsa ta bi, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Kowace safiya sai ya wuce ta da fartanya a kafaɗa, yana kau da kai kamar wanda ya yi wa mahaifiyarsa laifi. Wani lokaci ba ya iya daurewa, sai ya ratse ya tuge ciyawa biyu uku da hannu, ya ce a ransa, ki yi haƙuri, ina zuwa. Da rana in 'yan ƙodago sun kwanta a inuwa suna shan fura, shi sai ya hau kan suri ya tsaya yana hangen tsamiyar nan a hayin rafi. Bai taɓa roƙon Allah gidan kwano ba, bai roƙi keke ba. Abu guda yake marmari, ya ga safiyar da zai tashi ba wanda yake jiransa, ya nufi gonar mahaifinsa ya nome ta tun ciyawa tana ƙarama. Ya yi addu'a a kan wannan har ya gaji da maimaitawa. Ko a cikin sujada ana waƙa, sau da yawa hankalinsa yana can bakin rafi.

Kada ku ce ƙasar ce ta gaza. Ƙasar nan, duk wulaƙancin da take sha, in kaka ta yi sai ta cika masa rumbu har wuya. Matsalar tana cikin gida, kuma gadonta ya yi tare da gonar. Mahaifinsa ya bar masa dokoki biyu. Ta fari, ba a ƙirga dami, ƙirge yana kore albarka. Abin da Allah ya ba ka ka zuba a rumbu ka rufe, kada ka tsaya kana lissafi kamar kana tuhumar Mai bayarwa. Ta biyu, mace ba ta leƙa rumbun mijinta, don ranar da ta ga gindinsa, ranar za ta raina shi. Mutumin nan ya riƙe dokokin nan gam, fiye da yadda ya riƙe abin da ake karanta masa ranar Lahadi. Tsanin rumbu ma ba ya barinsa a jingine, da ya sauko sai ya ɗauke ya kai bayan ɗakinsa.

Saboda haka da kaka, ku zo ku ga maigida! Ranar kasuwa ya fitar da dami biyu ya sayar a araha, don lokacin kowa yana da hatsi, ya dawo da tsire da ƙosai da rake. Kirsimeti ta matso, dami biyar sun tafi wajen akuya, huɗu wajen atamfa. Wani ya yi suna, wani ya aurar da 'ya, wani ya yi baƙi daga nesa, wa za a tuna in ba shi ba? Maroƙa sun san ƙofar gidansa, suna kiransa mai buɗaɗɗen hannu, shi kuma kansa ya yi ta kumbura. Afiniki in ta ce hatsi ya ƙare, sai ya jefo mata dami biyu daga sama ya ce ta tuƙa da yawa, gidansa ba gidan rowa ba ne. Ita kuma ganin yadda ake jefowa, ta ɗauka akwai. Ta cika tukunya, a ci a bari, da safe a yi ɗumame, sauran a zuba wa kaji da awakin maƙwabta. Shi bai san nawa ya rage ba, don cikin rumbu duhu ne kuma ba ya ƙirgawa. Ita ma ba ta sani ba, don an hana ta leƙawa. Haka suke tafiya har ranar da hannunsa zai ji wayam.

Ya zama a shekara ta goma sha biyu, bayan an gama ɗaurin dawa an kawo gida da mako biyu, Afiniki tana shara da safe sai ta ji ƙas, ƙas. Ta duba ta ga rumbu ya karkata gefe guda, gindinsa ya tsage. Ashe gara ta cinye itatuwan da yake zaune a kai, nauyin sabon hatsi ya ƙarasa su. Ta kira mijinta. Babu yadda za a yi, dole a kwashe kafin ya rushe gaba ɗaya. Ya hau yana miƙowa, tana karɓa tana jerawa a jikin katanga. Tun daga sama ya gargaɗe ta kada ta kuskura ta ƙirga. Ta ce to. Bakinta kam bai motsa ba, amma wa ya isa ya hana zuciyar mai girki ƙirga hatsi?

Da aka gama, ta zauna a ƙasa tana kallon dammunan. Ya sauko yana kaɗe rigarsa. Ta tambaye shi ko haka suke samu kowace shekara. Ya ce ai bana ma an yi asara, na bara ya fi wannan, don sai da ya danna da ƙafa kafin jinka ta zauna. Yana rufe baki ya ga hawaye yana gangarowa a fuskarta.

"Maigida, ka gafarta mini, na ƙirga," in ji ta. "Dami saba'in da biyu ne. Ni kuma abin da na sani a nawa ɓangaren, in na auna da mudu ban yi ɓarna ba, dami guda yana kai mu kwana shida, kowa ya ƙoshi. Daga yau zuwa nunar sabon gero wata tara ne. Arba'in da biyar sun ishe mu."

Ran mutumin nan ya ɓaci ƙwarai. Ya ce ta karya dokar gidan ubansa, ta kore musu albarka, in yunwa ta zo bana ita ta jawo. Ya fice ya bar ta da hatsi a tsakar gida, ya nufi gona, ya zauna a gindin tsamiya yana huci. Amma maganar ta ƙi barin kunnensa. Can da zuciyarsa ta ɗan sauka, sai ya tsinci tsakuwa arba'in da biyar ya jera a ƙasa, ya bi su ɗaya ɗaya yana ba kowace kwana shida, wai don ya kama matarsa da kuskure ya koma ya ƙure ta. Ya kai ƙarshe, lissafi ya fita daidai. Ya sake, ya fita daidai. Ya sake na uku, haka dai ya fita. Ashe duk shekarun nan abincin yana isa, har da saura. Ashe Allah ya daɗe da amsa addu'ar da yake ta yi, yana zuba masa amsar a rumbu kowace kaka, shi kuma yana kwasa yana kai wa mai tsire da maroƙa. Ya dubi karan dawa da ke tsaye a gonar, sirara marasa ƙwari, ya tuna damina goma sha ɗaya da ya bai wa gonar wani. Ya rufe fuskarsa ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifinsa.

Da ya koma gida bai yi dogon bayani ba. Maza ba su iya ba da haƙuri da baki ba, mata kun fi ni sani. Ya dai tsaya a gabanta yana sosa ƙeya, ya ce ta zo ta nuna masa yadda za a raba. Suka fara da na Ubangiji, suka ware bakwai. A da, da ka yake ɗiba ba lissafi, wata shekara ya kai da yawa don a gani, wata shekara ya manta. Afiniki ta bi ta zaɓi zangarku masu manyan ƙwaya har dami uku, na iri, ta rataye su a madafa inda hayaƙi zai kore ƙwari. Talatin na cin rani ne. Ta ware shida ta ce na baƙo ne da biki da wanda ya shiga wani hali, don kada alheri ya ƙare a gidan. Sauran ashirin da shida kuwa, suka kwaɓa laka suka gina musu ƙaramin rumbu, da ya bushe suka zuba suka liƙe bakinsa ruf. Suka yi wa juna alkawari ba mai fasa shi sai ranar da ciyawar fari ta tsiro a gona.

Rabawa ba wuya, jama'a, riƙewa ce aiki. Kirsimeti ta zo, aka yanka zakara daga cikin gida, aka wanke tufafin bara aka goge. Yara suka yi ta tura baki. Ɗan kawunsa ya yi aure, ya kai dami guda maimakon huɗun da aka saba, uwar ango ta karɓa ba ko murmushi. Maroƙin da ya saba wasa shi ya zo kansa a taron, ya tsallake shi ya wuce na gaba. A majalisar bakin kasuwa aka fara cewa wai yanzu Afiniki ce take riƙe da tsani, shi sai an ba shi izini yake hawa. Wannan magana ta soke shi sosai, don mutum ne mai son a yabe shi. Ya rage fita. Ranar kasuwa in ƙanshin tsire ya bugo shi, sai ya canza hanya yana haɗiyar yawu, babban mutum da shi.

Wata rana da bazara, zafi ya tsananta, abokinsa na ƙuruciya ya zo ya ce zai aurar da 'yarsa, kuma da shi ya dogara kamar kullum. Ya ƙara da cewa sai dai fa in uwargida ta hana. Lokacin rabon biki saura dami biyu, don an kai wa wata gwauruwa da gobara ta cinye mata ɗaki. Mutumin nan ya ga dami biyu abin kunya ne a wurin aboki irin wannan. Ya shiga gida fuska a murtuke, ya ɗauki gatari ya nufi ƙaramin rumbu. Afiniki tana tankaɗe. Ba ta tashi ba, ba ta kuma ɗaga murya ba.

"Fasa, Maigida, rumbunka ne," ta ce. "Amma kwanakinka na damina muka liƙe a ciki. Kowane dami da ka fitar yau, kwana shida ne za ka yi a gandu kana hangen gonarka daga hayi."

Ya tsaya da gatari a hannu har gumi ya jiƙa masa riga. Daga baya ya jingine shi a jikin katanga, ya ɗauki dami biyun nan ya kai wa abokinsa. Abokin ya karɓa, ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarsa. Abin ya yi wa mutumin nan zafi, ba zan ɓoye muku ba.

Ana nan sai hadari ya haɗu, ruwa ya sauka, aka yi shuka. Bayan kwana goma ƙasa ta yi shar, hatsi da ciyawa suna tseren fitowa. Da yamma mai gandu ya biyo ta ƙofar gidansa da kansa, don a duk 'yan ƙodagonsa ba wanda ya kai shi aiki. Dattijo ne mai mutunci, bai taɓa tauye wa kowa mudu ba. Suka gaisa, suka tambayi iyali, dattijon ya ce to kamar kullum, gobe da sassafe za a shiga noman fari. Saura kaɗan bakin mutumin nan ya ce to, saboda sabo.

"Baba, ka yi haƙuri," ya ce. "Bana ina da aiki."

Dattijon ya yi mamaki, ya tambaye shi ko wani ne ya riga shi, ya ce in don lada ne zai ƙara masa mudu guda kowace rana, ya dai faɗa masa gonar wa zai je.

"Tawa, Baba."

Dattijon ya dube shi. Sa'an nan ya gyaɗa kai ya ce ya yi rashin ma'aikaci, amma ya daɗe yana wuce gonar nan ta bakin rafi yana jin tausayinta. Ya sa masa albarka ya tafi.

A ranar suka fasa ƙaramin rumbu, dawa tana nan lafiya, ko ƙwaro bai taɓa ba. Washegari tun raɓa ba ta bushe ba ya isa gona. Ya tsaya a bakin iyaka ya ga 'yan ƙodago suna wucewa zuwa hayi, suna ɗaga masa hannu. Ya sunkuya ya kafa fartanya. Ciyawar ƙarama ce, ko saiwa ba ta yi ba, tana tashi da sara guda. Ya yi ta mamakin sauƙin abin, shi da ya saba tarar da ita ta kai gwiwa. Yana noma yana dariya, yana noma yana share ido. Da Afiniki ta kawo masa kunu da hantsi ta same shi yana magana da dawa, bai ma ji sallamarta ba. Farin ciki ya yi masa yawa har ya kasa shan kunun.

Ya yi noman fari a kan lokaci, ya yi maimai a kan lokaci. Da tsakiyar damina, sa'ad da hatsi ya yi tsada a kasuwa, suka cire dami goma sha biyar na ci, suka sayar da goma sha ɗayan da suka yi rara, suka sayi awaki biyu mata. Da kaka gonar da aka daina yi wa wulaƙanci ta ba shi dami ɗari da talatin, kuma a gaban matarsa ya ƙirga su da babbar murya. Awaki suka hayayyafa, aka sayar aka sayi maraƙi, bayan shekara aka nemo masa ɗan'uwa. A shekara ta biyar yana da shanun huɗa biyu da garma, rumbuna uku, yara duk suna makaranta. Waɗanda suka yi masa dariya a majalisa suka dawo suna sallama a ƙofarsa da bazara, yana kuwa auna musu, don yanzu kyautarsa ba ta barin gidansa da yunwa.

Sai dai akwai abin da bai dawo ba. Ranar da ya fara bin bayan shanunsa, kafin rana ta yi tsaka bayansa ya riƙe, dole ya zauna. Furfura ta riga ta fito. Ya dubi gandun hayi, ya ce wa Afiniki ƙarfin ƙuruciyarsa duk yana can, ya sayar da shi mudu mudu, alhali abincinsu yana gida. Ya ce da ya bar ta ta leƙa tun shekarar aurensu, da da ƙarfin nan ya gina wa 'ya'yansa abin da ya fi haka. Ita kuwa ta zauna kusa da shi har ciwon ya lafa.

To, ga ma'anar misalin nan, ku kasa kunne. Rumbun nan shi ne duk abin da Allah yake sa maka a hannu, ko albashi ne, ko ribar kasuwa, ko kuɗin ɗinki, ko abin da babur ya kawo maka da yamma. Kaka kuwa kun san ta, ita ce makon farko bayan kuɗi sun shigo, sa'ad da kowa yake tafiya da ƙirji a gaba, ana a kawo nama, a kawo lemo, a yi wa wane liƙi a biki. Ranar ashirin ga wata kuma fuska ta canza, ana tsawata wa yara ba laifin komai. Gandun hayi shi ne duk inda kake zuwa ba don kana so ba, sai don tukunya ta bushe. Gonar bakin rafi ita ce abin nan da kake marmari shekara da shekaru, shagonka na kanka, keken ɗinkinki na kanki, karatun yarinyar nan, filin da kake wucewa kana haɗiyar yawu. Na san da yawanku kuna da irin wannan gona, don kuna zuwa wurina mu yi addu'a a kanta, ni ma kuwa ina da tawa.

Wasu za su ce lissafi rashin bangaskiya ne, Allah zai tanada. Haba ɗan'uwa. Allah ya tanada mana, dami saba'in da biyu ya tanada. Ta yaya za ka gode wa mutum a kan kyautar da ba ka ko buɗe ka ga yawanta ba? Wanda ya zauna ya ƙirga, shi ne ya san abin da zai yi godiya a kai, shi ne kuma ya san nawa ne na Ubangiji, nawa ne iri, nawa ne na baƙo. Iri fa ba a cinsa, ko yara sun yi kuka. Kuma rabon da ka liƙe don damina, in ka fasa shi don a yabe ka a biki, masu yabon ba za su bi ka gandu su taya ka ba.

Ban ce kowane mai wahala maɓarnaci ne ba. Akwai waɗanda za su ƙirga sau goma su ga da gaske bai isa ba, waɗannan kuwa nauyinsu yana kanmu mu ikilisiya, shi ya sa aka ware dami shidan nan. Amma ko su, gara su sani tun da kaka su nemi dabara, da su sani ranar da hannu ya ji wayam.

Yanzu bari in taɓa inda yake ciwo. Maza, ku daina kallon rufi, da ku nake. Akwai mutum a ɗakin nan da ya yi shekara ashirin da aure, matarsa ba ta san nawa yake samu a wata ba. Wai kada ta raina shi. Kai ka san abin da ke shigowa, ita ta san abin da tukunya take ci, kun raba sanin gida biyu kowa ya ɓoye nasa, sa'an nan kuna mamakin inda kuɗi suke tafiya. Mata, ku ma na ga kuna murmushi, akwai mai adashe uku a nan da mijinta bai san ko ɗaya ba. Afiniki ba ta raina mijinta ba da ta ga gindin rumbu. Kuka ta yi, don da ta sani da ta taimake shi tun yana da ƙarfi.

Saboda haka yau in an tashi, kafin a zuba tuwo, ka kira matarka ku shimfiɗa tabarma ku zauna. Ka faɗa mata nawa ne, ba ragi. Ke ma ki faɗa masa nawa gidan yake ci. Ku ware na Ubangiji, ku ware iri, ku liƙe na damina, sa'an nan ku ci sauran da godiya. Za a yi muku dariya, wani aboki zai daina gaishe ka, ku daure. Mutumin nan sai da gara ta kayar masa da rumbu kafin ya yarda, kuma damina goma sha ɗayan da ya rasa ba wanda ya iya mayar masa da ko guda. Kai da kake zaune kana jina, bayanka bai riƙe ba tukuna. Damina nawa ka riga ka bayar?